Keken Miliyoyi, Babu Famfo

Duk mai fita da sassafe ranar Asabar a Abuja ko Kaduna ko Kano cikin 'yan shekarun nan ya san su. Ayari ne na mutum ashirin ko talatin, kowa da hular kwano mai ramuka, da tabarau mai launin bakan gizo, da rigar da ta ɗame jiki har mai kallo zai iya faɗin malmalar tuwo nawa mai ita ya ci jiya da daddare. Kuma ba ƙananan mutane ba ne: akwai darakta, akwai likita, akwai ɗan kwangila, akwai wanda har yau ba a gano sana'arsa ba amma kowa na ce masa Yallaɓai. Iyayensu sun ƙare ƙuruciyarsu suna roƙon Allah ya sauke su daga kan Raleigh ya ɗora su kan Vespa, daga nan ya shigar da su Fijo. Allah ya amsa har ya yi ƙari, sai ga 'ya'yan sun ajiye motoci uku a gareji sun koma kan keke, keken da kuɗinsa ya ninka na Fijon mahaifinsu. Wannan ba abin zargi ba ne, likitoci ma murna suke yi. Ƙorafin wannan shafi guda ɗaya ne, kuma shawararsa ɗaya ce: kada a ƙara ba kowa rigar ƙungiyar masu keke sai ya nuna a gaban shaidu cewa ya iya gyara tayarsa idan ta yi faci. Mai karatu zai ce ƙaramar magana ce. To, duk sauran ladubban ayarin a kanta suka rataya.

Bari mu fara da dalilin da ya sa mutane ke tafiya a jere maimakon kowa ya kama gabansa. Ba zumunci ne ya haɗa su ba tun farko, iska ce. A kan shimfiɗaɗɗen titi, da zarar gudu ya ɗan yi ƙarfi, mafi yawan ƙarfin da mai keke ke kashewa wajen ture iskar da ke gabansa yake tafiya. Wanda ya manne a bayan wani yana samun rangwamen kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. A shekarar 2018 Farfesa Bert Blocken na jami'ar Eindhoven da ke ƙasar Holan ya yi gwaji da siffar ayarin mahaya 121, ya gano cewa iskar da ke dukan wanda ya lafe a tsakiya ta wajen baya ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wadda zai sha da shi kaɗai ne ba. Ma'ana, duk sauƙin da na baya ke ji, bashi ne da na gaba ya ba shi da cinyoyinsa. Shi ya sa doka ta farko a kowane ayari a duniya ita ce karɓa-karɓa: ka ja gaba na ɗan lokaci, ka kauce, wani ya karɓa. Kuma shi ya sa kowane ayari yana da ɗan laɓensa, mutumin da zai yi kilomita sittin yana shan inuwar bayan jama'a, duk lokacin da layi ya zo kansa sai ƙishirwa ta kama shi ko ya tuna wani abu na damunsa a takalmi, amma da an hango shagon mai shayin da za a tsaya sai ya fito da gudu kamar an biyo shi, ya riga kowa isa, ya ɗaga hannuwa sama. Da yamma shi ne zai fara saka hoto a WhatsApp da rubutun cewa aiki tuƙuru ba ya ƙarya.

Kakanninmu fatake da ke safarar goro daga Gwanja sun san wannan lissafi tun kafin a ƙera keke. Ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba mai duba hanya, kuma ba don suna ƙaunar fuskokin juna suke tafiya tare ba, sai don wanda ya ware shi ne rabon 'yan fashi. Ayarin keke ma haka yake, domin mutumin da ke tsakiya makaho ne: ba ya ganin komai sai bayan wandon na gabansa, tazarar da ke tsakanin tayoyinsu kuwa ba ta kai kamu ɗaya ba. Idonsa yana hannun jagaba. Idan akwai rami, na gaba ya nuna da yatsa ya yi kira, saƙon ya bi layi har baya. Gaskiya ne a wasu titunanmu wanda ya ce sai ya nuna kowane rami hannunsa ba zai koma kan keke ba sai an dawo gida, amma wannan ba hujjar yin shiru ba ce. Ba a danna burki bagatatan. Ba a barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin in suka gogi juna na baya ne zai sha ƙasa, ya kuma ja mutum biyar su raka shi. Mai fyace majina ya koma can ƙarshen layi, domin iska ba ta zaɓen fuska, ta darakta da ta masinja duk ɗaya ne a wurinta. Wanda ke ganin tsanani ya yi yawa ya nemi hoton ranar farko ta gasar Tour de France ta 2021, inda wata 'yar kallo ta miƙo kwali tana gaida kakanninta a talabijin, Tony Martin ya yi karo da shi, mahaya da dama suka zube kan juna. Ƙwararru ke nan, da kwali ɗaya.

Duk waɗannan dokoki ana iya kiyaye su da kwaikwayo, kuma Yallaɓai gwanin kwaikwayo ne. Inda asiri ke tonuwa shi ne lokacin da aka ji tsiii daga tayar wani, aka yi kira: faci! Kusan kowace ƙungiya tana da alkawarin da aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a barin kowa a baya. Minti biyu bayan facin, alkawarin ya rabu gida-gida. Wasu sun wuce suna ɗaga hannu suna cewa za su jira a gaba, gaban da ba a faɗi sunansa ba. Wasu sun tsaya sun kewaye mai tayar, hannuwa a ƙugu, kowa na ba da shawara, babu mai sunkuyawa. Akwai mai ɗaukar bidiyo. Akwai mai tambayar nawa aka sayi tayar, don ya sami damar faɗin kuɗin tasa. Shi kuwa mai abin ya zazzage aljihun bayan rigarsa, sai ga waya, ga katin banki, ga dabino, ga ɗan man shafawa na kare fata daga rana. Babu tub, babu famfo, babu 'yan robobin ɓamɓare taya. In ka tambaye shi dalili zai ce nauyi. Ya ji labarin cewa tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, shi kuma ya kashe kuɗi har nasa ya kusa wannan awo, don haka ba zai ɓata shi da famfon da bai fi nauyin wayarsa ba. Teɓar da ke gabansa, wadda ita kaɗai ta fi keken nauyi, ba ta shiga lissafi.

Abin takaicin shi ne aikin ba wani aiki ba ne. Ka sauke cen zuwa ƙaramin haƙori in tayar baya ce, ka cire ƙafar, ka ɓamɓare gefe ɗaya na tayar, ka zaro tub. Sai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa: ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo abin da ya huda ta, ƙayar tsidau ce ko guntun kwalba ko siririyar wayar tsohuwar tayar tirela, domin in ka bar shi a ciki sabon tub ɗin ma ba zai kai ka gidan mai na gaba ba. In ka ga huji biyu a jere, to ba ƙaya ba ce, rami ka faɗa da taya mai ƙarancin iska har bakin ƙarfen ya cije tub ɗin, laifin kuma na wanda ya fito bai duba iska ba ne. Ka ɗan hura sabon, ka saka, ka maida taya ba tare da ka matse shi ba, ka buga iska. Minti goma ne ga mai matsakaicin hannu. Yaran ƙauye da suka tashi da keken Phoenix suna yin wanda ya fi wannan wuya da kwanon ruwa da sholisho da guntun tsohuwar roba, ba tare da sun kalli bidiyo ko ɗaya ba.

Kuma wasan da Yallaɓai ke kwaikwayon rigarsa a kan wannan aka gina shi. Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France a 1903, mutum ne mai taurin kai da ya ɗauki taimako a matsayin abin kunya, har na'urar canza giya ma ba a yarda a yi amfani da ita a gasar ba sai 1937. A gasar 1913, Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaban kekensa ya karye. Doka ta ce ba mai taɓa keken mahayi sai shi. Ya saɓa shi a kafaɗa ya taka kilomita goma ko fiye har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya ɗauki guduma ya yi ta ƙira na sa'o'i, alƙalan gasa na tsaye suna kallo. Da yake hannu biyu Allah ya ba shi, sai wani yaro ya ja masa zuga-zugi. A kan haka aka ci shi tarar minti goma, wai ya karɓi taimako. Ya hau abinsa ya ci gaba, ya gama gasar yana na bakwai. Irin wannan ƙarfe ya sake karye masa a 1919 da 1922, bai taɓa lashe gasar ba, amma har yau ana kai baƙi ganin inda maƙerar take. Ba wanda ke cewa darakta ya koyi ƙira. Tub kawai ake roƙonsa ya canza.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ta farko har tana da ƙamshin tausayi. Suna cewa: in kowa ya iya faci, mai faci ya ci me? Allah ya raba sana'a, ba ya kamata babban mutum ya tsone wa talaka ido a abincinsa ba. Madalla da wannan jinƙai, sai dai bai san hanya ba. Ƙarfe shida da rabi na safiyar Asabar, kilomita arba'in daga gari, mai facin bai ma fito ba. In an yi sa'a ya fito, bakin injin iskarsa na bawul ɗin mota da babur ne, keken tsere kuwa siririn bawul gare shi wanda ake kira Presta, ba su shiga juna sai da ɗan mahaɗi, ɗan mahaɗin kuma yana cikin jakar da aka bari a gida saboda nauyi. In aka miƙa masa keken kabon ya ɗaure wani noti da irin ƙarfin da yake ɗaure tayar A Daidaita Sahu, za a ji ƙas, daga nan sai salati. Laifin ba nasa ba ne, ba a taɓa kawo masa irinsa ba. Sannan mai tausayin nan shi ne zai tsaya yana cinikin naira ɗari biyu da mutumin da yake cewa yana kare wa sana'a, bayan shi ma mai facin ya dubi tabarau da takalmi ya ninka kuɗin sau uku. An yi canjaras.

Hujja ta biyu ta fi gaskiya, domin ba ta ɓuya bayan talaka: ai ƙwararru ma ba su gyara da kansu, mota ce ke bin su da kanikawa da kekuna a sama. Shi ya sa za ka ga jif na rarrafe a bayan ayari, fitilu na walƙiya, direba na hamma, jerin motoci sun taru a baya suna ta oda, ana ƙona man da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lallaɓawa, duk don mutum ɗaya ya motsa jiki ba tare da ya taɓa baƙin mai ba. To ko a can ɗin motar ba kullum take isowa ba. A gasar Tour de France ta 2016, a kan dutsen Ventoux, keken Chris Froome ya lalace bayan karo da babur ɗin 'yan talabijin, motar ƙungiyarsa ta maƙale cikin 'yan kallo, sai duniya ta gan shi sanye da rigar ɗorawa ta jagoran gasa yana gudu da ƙafa kan titi. In haka ta sami mai ƙungiya ta miliyoyin fam, ina ga wanda direbansa ya tsaya sayen ƙosai? Masu cewa fasaha ta wuce wurin su ma ga amsarsu. Taya marar tub mai ruwan toshe huji tana maganin ƙananan ƙayoyi, gaskiya ne, amma ranar da kwalba ta yi mata dogon yanka sai an koma ga tub, ga kuma farin ruwa mai danƙo har gwiwar hannu. Giyar lantarki da kamfanin Shimano ya fito da ita a 2009 kuwa ta kawo mana sabon nau'in uzuri da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba: mutum ya tsaya a gindin hawa ya ce ba a kawo wuta jiya ba, bai yi cajin kekensa ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma daga ɗaya ɓangaren take fitowa, wato daga masu wucewa. Suna cewa sun tashi tun duhu don su yi gumi, tsayuwar minti ashirin tana sanyaya jiki, tana kuma ɓata lissafin gudun da manhajar Strava za ta nuna wa duniya. Suna ƙarawa da cewa ko manya ba su daidaita kan jira ba. Wannan haka yake. A gasar Tour de France ta 2003 Jan Ullrich ya sassauta ya jira Lance Armstrong bayan jakar wani ɗan kallo ta kama kan kekensa ta kayar da shi a hawan Luz Ardiden, Armstrong ya tashi ya wuce shi ya ci ranar. A 2010 kuwa, a hawan Port de Balès, cen ɗin Andy Schleck ya zame yana sanye da rigar jagora, Alberto Contador ya ƙi jira ya ci masa daƙiƙa 39, kuma da aka isa Paris tazarar da ya lashe gasar da ita daƙiƙa 39 ce cif. 'Yan kallo sun yi masa ihu a ranar, ya fito ya ba da haƙuri, a 2012 kuma aka ƙwace kambun saboda haramtaccen sinadari aka ba Schleck. A gasar Giro ta Italiya ta 2017 har gardama aka yi ko ya wajaba a jira Tom Dumoulin da cikinsa ya murɗa ya ruga gefen hanya. Amma waɗannan mutane a kan abincinsu suke faɗa, akwai kwangila da kambu da tarihi a kan kowace daƙiƙa. Ayarin Asabar kuwa babbar kyautarsa shayi da ƙwai da hoton rukuni. Wanda ya bar ɗan'uwansa a gefen titi don kada matsakaicin gudunsa ya sauka daga 29 zuwa 27 ya sayar da mutum a kan lambar da ko matarsa ba za ta duba ba. Gefen titin namu kuma ba wurin barin mutum shi kaɗai ba ne. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri ne a 2001, yana tsakiyar wa'azin a rungumi keke, motar bas ta tura shi kwata a Abuja. In ministan hanya bai tsira ba, akantan da tayarsa ta yi faci ba shi da tabbas.

Duk da haka masu wucewar suna da rabin gaskiya, kuma a nan ne maganar ta haɗe. Jira ma bashi ne, kamar inuwar iska. Mutum ashirin da suka tsaya minti goma sun ba ka fiye da sa'a uku na rayuwarsu in an tara. Wanda ƙaya ta soke shi, ya durƙusa ya fito da kayansa ya gama cikin minti goma, ya cancanci wannan kyauta, kuma ba wanda zai yi gunaguni sai marar kunya. Wanda kuwa kowane mako sai an jira shi, don bai duba iska ba, cen ɗinsa na kuka tun bara bai ga mai ba, burkinsa na goga, kuma kullum tub ɗin wani yake ara, shi ne ke koya wa mutanen kirki wucewa. Aro ba abin kunya ba ne in larura ce ta kawo shi: a gasar Olamfik ta Paris a 2024 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili, kuma in akwai abin kunya a labarin ba a kanta yake ba. Abin da ke kashe ayari shi ne mai aron da ya maida shi tsari, wanda tub ɗin mutum huɗu ke cikin tayoyinsa bai taɓa mayar da ko ɗaya ba, in an tuna masa ya ce haba, don ɗan wannan? Alkawarin ba a barin kowa a baya ba ya ɗorewa sai tsayuwar ta kasance gajeriya kuma ba kullum ba, hakan kuwa ba ya samuwa sai kowa na ɗauke da tub da famfo da ɗan sifana, kuma ya san ta inda ake kama su.

Don haka ga roƙo ga shugabannin ƙungiyoyi, ranku ya daɗe. Ku rage tsawon taron zaɓen launin sabuwar riga, ku sa jarrabawa. Duk mai neman shiga, komai girman muƙaminsa, a ba shi kekensa a sace iskar, a ajiye agogo. Tayar baya za a ba shi, ba ta gaba ba, don hannunsa ya gaisa da cen. Ba waya, ba mai ba da shawara, direba kuma ya jira a wajen ƙofa. Wanda ya gama cikin minti goma sha biyar a ba shi riga. Wanda ya kasa a karɓi kuɗin rajistarsa a saya masa famfo da shi, ya dawo Asabar mai zuwa.